Dutsen murjani mai kafofi a aikin ginin bakin teku: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi na tattaro su ne daga bakin mutanenmu masu cin abinci a bakin ruwa a nan Legas: ɗaliban injiniya, masu gwajin ƙasa, direbobin tifa da ke kai dutse Lekki, da matasan da aiki ya kira su Jidda ko Mombasa suna son sanin abin da za su tarar. Sana'ata gwajin ƙasa da dutse ce. A kan teburina akwai wani guntun farin dutse da abokin aikina ya kawo mini daga wata mahaƙa ta kan tudu a gaɓar Kenya, kuma duk wanda ya ɗauka sai ya yi mamakin rashin nauyinsa. Galibi daga nan tambayoyin ke farawa.

1. Mene ne dutsen murjani? Shi ne murjanin da mata ke sawa a wuya?

Dangi ne, amma ba ɗaya ba. Jan murjanin ado daga wata halitta ta Bahar Rum ake samunsa, cikinsa a cike, yana ɗaukar gogewa har ya yi sheƙi. Wanda muke magana a kansa ginin wasu ƙananan halittu ne da ke zaune cunkushe a ruwa mai ɗumi, kowacce tana fitar da sinadarin alli tana yi wa kanta mazauni. Sinadarin nan shi ne na ƙwanson ƙwai da bawon katantanwa da wuri. Na ƙasa su mutu, na sama su ɗora gini a kansu. Masu dunƙulallen jiki suna ƙaruwa da wajen santimita 1 a shekara, masu rassa kuma sukan kai santimita 10.

Da tafiyar zamani igiyar ruwa ta kakkarya rassan, yashi da ɓaraguzan bawo su cika tsakani, allin da ke narke a ruwan teku ya liƙe su. Abin da ya fito dutse ne, amma mai kafofi kamar soso, wani wurin kamar saƙar zuma. Kaurinsa kan wuce tunani. A 1952 an haƙa rijiyar bincike a tsibirin Eniwetok da ke Tekun Fasifik, sai da aka ratsa sama da mita 1,200 na wannan dutse kafin a taɓa dutsen aman wuta da yake zaune a kai. Haƙar ta tabbatar da abin da Charles Darwin ya rubuta tun 1842, cewa tsibirin yana nutsewa a hankali murjanin kuma yana ta gini sama don ya riski haske.

2. Akwai shi a gaɓar Legas? In babu, me ya kawo maganarsa?

Babu tudun murjani mai rai, wato tarin ginin halittun nan a cikin teku, a gaɓarmu. Halittun suna son ruwa garau, mai gishiri sosai, wanda ɗuminsa ba ya sauka ƙasa da digiri 18. Mu kuwa koguna suna juye mana ruwan daɗi da laka, kuma a wasu watanni ruwa mai sanyi yana tasowa daga ƙarƙashin teku a yankin Mashigin Gini. Ƙasan Legas yashi ne da taɓo da ruɓaɓɓen ganye. Shi ya sa duk dutsen da aka zuba a bakin ruwanmu daga tudu aka kawo shi. Tun katangun bakin mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas, waɗanda aka fara kafin Yaƙin Duniya na Farko, garanit ɗinsu, wato dutsen nan mai tauri na tsakuwar gini, daga wajen Abeokuta jirgin ƙasa ya riƙa jigilarsa.

Maganar ta shafe mu ta fuska biyu. Ta farko, yaranmu suna tafiya aiki ƙasashen Larabawa da gabashin Afirka, kuma wanda ya koyi aiki a kan garanit da yashin Lekki yana iya tafka kuskure a can da zuciya ɗaya. Ta biyu, danginsa suna kusa da mu. Dutsen siminti na Ewekoro a jihar Ogun cike yake da bawon halittun teku, kuma a yankin Neja Dalta mutane suna zuba bawon katantanwar ruwa a kankare a madadin tsakuwa. Halin alli mai kafofi ɗaya ne duk inda ka same shi.

3. Ƙarfinsa nawa ne idan aka kwatanta da garanit da kankare?

Ana auna ƙarfin dutse da megafaskal. Megafaskal 1 kamar ka ɗora kilo 10 ne a kan fili mai faɗin farcen babban yatsa, wato buhun siminti mai kilo 50 a kan farce ɗaya ya kai megafaskal 5. Da wannan ma'auni, bulon siminti mai kyau yana wajen 3, kankaren gini na yau da kullum 20 zuwa 40, garanit kuma 100 zuwa 250.

Dutsen murjani ba shi da lamba ɗaya, kuma wannan ita ce gaskiyar da nake so kowa ya tafi da ita. Wani ɓangaren bai fi bulo ba, kana iya marmashe shi da guduma ƙarama. Wani ya kai kankare. Abin da ke raba su yawan kafofi ne da kuma yadda allin ya liƙe ƙwayoyin. A garanit kafofi ba su cika kai kashi 1 cikin 100 ba, a nan kuwa suna iya cin kashi 20, ko 30, har rabin jikin dutsen. Nauyin da ka ɗora a kan siraran bangaye da ke tsakanin ramuka yake sauka, shi ya sa ƙarin kafofi kaɗan kan zubar da ƙarfi mai yawa. Duk wanda ya ba ka lamba guda ya ce ga ƙarfin dutsen wurin, ka tambaye shi samfuri nawa ya gwada. Dalilin yana amsa ta 4.

4. Me ya sa samfuri biyu daga rami ɗaya suke ba da sakamako mai nisa da juna?

Saboda ba a rana ɗaya aka gina dutsen ba, ba kuma a yanayi ɗaya ba. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin duniya, teku ya ja baya da wajen mita 120. Tuddan murjani suka fito fili, ruwan sama ya yi ta dukansu. Ruwan sama yana da ɗan tsami, yana narkar da alli a nan ya bar kogo, ya je ya zubar da shi a can ya yi ɓawo mai tauri. Da teku ya dawo, sabon murjani ya hau kan tsohon. Hakan ya faru ba sau ɗaya ba.

Don haka mai haƙa yakan ratsa ɓawo mai tauri na mita ɗaya ko biyu, ya faɗa yashi sako-sako, ya ci karo da dunƙulen murjani, sannan sandar haƙa ta zurma cikin kogon da babu komai sai ruwa. Ga kuma halittun da ke huda dutsen suna zama a ciki, irin su sosan teku da wasu masu bawo. Ko a cikin dunƙule guda, ƙarfin bin tsayin da murjanin ya girma daban yake da na gicciye, kamar yadda itace ke da sauƙin faskare ta gefe ɗaya.

Akwai wata yaudara da ke faruwa ba da niyyar kowa ba. Wajen haƙa, ɓangare mai rauni yana farfashewa ruwan haƙa ya wanke shi, mai ƙwari ne kawai ke isowa akwatin samfuri. Shi ake kaiwa ɗakin gwaji, sai rahoto ya fito da lambar da ta fi gaskiyar ƙasan kyau.

5. Yaya ake gwada shi?

Ana yanko shi kamar gwangwani, faɗi wajen milimita 54 ko fiye, tsayi ninki biyu zuwa uku na faɗin, a daidaita bakinsa, a sa a injin matsi har ya fashe. Garanit yakan fashe da ƙara, ɓaraguzai su yi tsalle. Murjani mai kafofi sau da yawa ba ya yin haka. Za ka ji ƙas-ƙas a hankali, farin gari yana zubowa, allurar injin ta hau ta sauka ta sake hawa, domin ramukan ne ke ruftawa ɗaya bayan ɗaya. Akwai gwajin tsagewa, inda ake kwantar da faifan dutse a matse shi ta gefe har ya rabe biyu, da gwajin matse guntun dutse tsakanin tsinin ƙarfe biyu, wanda ake yi a wurin aiki. Idan ramukan dutsen manya ne, ƙaramin samfuri ba ya wakiltarsa, dole a yanko mai faɗi.

Kafin duk wannan akwai abin da kowa zai iya yi. Ranar da aka kawo mini guntun da na ambata, na auna shi a bushe, na jefa a bokiti. Kumfa ta riƙa fitowa daga jikinsa kamar ana hura iska da tsinke, ta ɗauki mintuna ba ta tsaya ba. Washegari da na sake aunawa ya ƙara nauyi sosai. Sai na matsa lemon tsami a gefensa, wurin ya yi ta tsiyayar ƙananan kumfa. Wannan alamar alli ce, garanit ba ya yin haka. Wuƙa ma tana karce shi, domin taurin alli 3 zuwa 4 ne a ma'aunin da ƙwayar yashinmu take 7.

6. Jiƙewa tana rage masa ƙarfi?

Tana ragewa, kuma tunda a ruwa zai yi rayuwarsa, a jiƙe ya kamata a gwada shi. Lambar busasshen samfuri da aka gasa a tanda ba ta da amfani ga mai gina tasha. Ruwan teku na yankuna masu ɗumi ba ya narkar da shi da sauri, domin ya riga ya ƙoshi da alli. Maƙiyansa su ne ruwan sama, ruwan kwata mai tsami, da gishirin da ke bushewa a cikin kafofi yana tsattsaga shi a daidai inda ruwa ke hawa da sauka.

7. In dutsen ba shi da ƙarfi, ta yaya yake farka cikin jirgin ruwa?

Wani direba a Apapa ne ya fara yi mini wannan tambaya, kuma ta yi ma'ana. Raunin guntu daban, girman tudu daban. Tudun murjani yana da tushe mai kilomitoci, ga kaifi, ga ɓawon sama mai tauri, jirgi kuwa farantin ƙarfensa bai fi 'yan santimita ba. Idan ya hau kai ya maƙale, igiyar ruwa ce ke ƙarasa aikin, tana ɗaga shi tana bugawa dare da rana. Haka ta faru da jirgin Wakashio mai tsawon kusan mita 300, wanda ya hau tudun murjani a gaɓar tsibirin Morishiyos da ke Tekun Indiya ranar 25 ga Yuli 2020. Ya zubar da mai kimanin tan 1,000, kuma a tsakiyar Agusta ya rabe biyu.

8. Na ji an ce turken ƙarfe yana zurmawa a irin wannan ƙasa. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma nan ne ilimin da aka samo a Legas ya fi yaudarar mutum. Turken da ake bugawa cikin ƙasa da guduma don ya ɗauki nauyin gini yana tsayawa ne da abu biyu: abin da gindinsa ya taka, da riƙon da ƙasa ta yi wa jikinsa. A yashinmu, kana buga turke ƙwayoyin suna matsewa su ƙanƙame shi, domin ba sa fashewa. A yashin alli da dutsen murjani mai rauni, bugun yana niƙe ƙwayoyin su koma gari, garin ya faɗa cikin kafofi, sai a samu sarari tsakanin turke da bango. Bangon da ya ɗan liƙe yana tsaye abinsa, ba ya matsowa. Turken ya zama kamar tsinke a cikin ramin da ya fi shi faɗi.

Misalin da masu wannan fanni suka fi ambata shi ne dandamalin haƙar gas na North Rankin A, a arewa maso yammacin Ostireliya. A 1982, da aka zo kafa turakunsa a ƙasan teku mai alli, sai suka riƙa shiga da sauƙin da ba a zata ba, wani wurin da nauyinsu kawai. Riƙon da aka lissafa babu shi. Sai da aka yi gyara mai tsada, aka haƙa ƙarƙashin turakun aka zuba musu faffaɗan gindi na kankare.

Maganin da aka fi bi yanzu shi ne a haƙa ramin a zuba kankare ko ruwan siminti. A nan kafofin da suka zama matsala sai su koma taimako, domin simintin yana kutsawa cikinsu ya yi saiwa, riƙon ya yi ƙarfi. Da turakun haƙa irin waɗannan aka kafa gadar Sinamale a ƙasar Maldibis ta tsibiran Tekun Indiya, wadda aka buɗe a 2018 tsakanin babban birnin Male da tsibirin filin jirgin sama. Sai dai a shirya wa asarar siminti. Idan ramin ya haɗu da kogo irin na amsa ta 4, kankaren da aka lissafa wa turke ɗaya zai ɓace a ciki ba a ga ya taso ba, don haka ake sa bututun ƙarfe ya tare wurin.

9. Za a iya gina katangar tare igiyar ruwa da shi?

A ciki, eh. A fuska, da wuya. Cikin katanga tarin ƙananan duwatsu ne da aka lulluɓe, kuma a tsibiran da garanit sai an yi masa doguwar tafiya a jirgi, dutsen alli na tudu yana wannan aiki. Fuskar da ke karɓar duka ita ce ke son nauyi. Dutse yana rage nauyi a ruwa gwargwadon ruwan da ya ture. Kubik mita na garanit tan 2.65 ne, na ruwan teku tan 1.025, to abin da ya rage masa na zama daram ya haura tan 1.6. Dutsen murjani mai tan 2.0 kuwa bai kai tan 1 ba.

Lissafin Hudson na gano nauyin dutsen fuska, wanda injiniyoyin sojan Amurka suka fitar a shekarun 1950, ya nuna wannan bambanci ba sau ɗaya yake shiga ba, sau uku ake ninka shi a kansa. Da na buga lissafin da lambobin nan, inda garanit mai tan 5 zai zauna, dutse mai tan 2.0 a kubik sai ya kai wajen tan 17. Samun dunƙule mai wannan girma ba tsaga a dutse mai ramuka abu ne mai wahala, kuma ko an samu, gogayya tana cinye shi shekara bayan shekara. Dutsen fuska mai kyau ba a son ya sha ruwa fiye da kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, murjani kuwa yakan ninka haka sau da yawa.

Ko mu da muke da garanit, igiyar Atlantika ta sa mun koma ga kankare. Katangar Eko Atlantic, sabuwar unguwar Legas da aka cike teku aka gina, an lulluɓe fuskarta da dunƙulen kankare masu ƙahoni, kowanne tan 5, waɗanda ke sarƙe juna. Tashar Lekki da aka buɗe a 2023 ita ma katanga mai kusan kilomita 2 ce ke tare mata ruwa.

10. Yana yin tsakuwar kankare?

Yana yi, kuma an daɗe ana yi. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka sun shimfiɗa filayen jirgin sama da murjani a tsibiran Fasifik irin su Tiniyan. Amma yana da sharuɗɗa. Tsakuwar tana shan ruwan kwaɓi, don haka sai an jiƙa ta tukuna, kuma tana cin siminti fiye da garanit. Ƙarfin kankaren yana da iyaka, domin tsakuwar ce ke fara fashewa.

Babbar damuwa gishiri ne. Yana ɓoye a kafofi, wanki ɗaya ba ya fitar da shi, kuma idan ya isa ga rodi tsatsa ta kama. Tsatsa tana kumbura ta ninka ƙarfen da ta ci, ta tsaga kankaren daga ciki. Duk wanda ya ga ginshiƙan tsofaffin gidajen bakin ruwa a Legas da rodi a waje ya san hoton. A ra'ayina, inda rodi zai shiga a kauce masa, sai in an gwada gishirin an tabbatar, ko an yi amfani da rodin da ba ya tsatsa.

11. To yaya gidajen Jidda da Zanzibar suka yi ɗaruruwan shekaru?

Alhazanmu da suka zaga tsohuwar unguwar Balad a Jidda sun ga dogayen gidaje masu tagogin katako. Da dutsen murjani na Bahar Maliya aka gina su. Haka tsohon garin Zanzibar, da Lamu, da ganuwar Fort Jesus da Turawan Fotugal suka fara a Mombasa a 1593, da masallacin Juma'a na Male na 1658. Maginan sun san kayansu. Sun yi bango mai kauri don nauyin ya bazu, a Jidda suna jera katako a tsakanin sahun duwatsu, sannan su shafe bangon da farar ƙasa su riƙa sabuntawa. Nauyin gida ba ya kusa da abin da gindin gada ko tasha ke ɗauka.

Suwakin, tsohon garin da ke kan tsibiri a gaɓar Sudan, inda kakanninmu masu tafiya Makka ta ƙasa suke hawa jirgin ruwa, ita ce ɗaya fuskar labarin. Mashigarta ƙunci ce tsakanin tuddan murjani, ba ta ɗaukar manyan jirage, sai Turawa suka gina Fot Sudan a farkon ƙarni na 20. Mutane suka koma can, aka daina shafe bangaye, iska mai gishiri da ruwan sama suka shiga kafofin kamar yadda na faɗa a amsa ta 6. Yau yawancin gidajen tsibirin tarin farin dutse ne a ƙasa. Abin yana taɓa ni duk lokacin da na ga hotunan, domin ta ƙofofin nan mutanenmu suka wuce.

12. Yashe tasha a dutsen murjani daidai yake da yashe yashin Legas?

A'a. Yashinmu jirgi mai zuƙa yana ɗebe shi kai tsaye. Murjani sai jirgi mai kan yanka da haƙora, kuma ɗan kwangilar da ya yi farashi da matsakaicin ƙarfi zai sha wuya idan ya ci karo da ɓawo mai tauri. Yankan yana tayar da farin gari mai laushi da ke mayar da ruwa kamar koko, ya daɗe bai kwanta ba, ya je ya rufe murjani mai rai ya kashe shi. Idan kuma aka yi ciko da abin da aka yaso, garin yakan taru wuri ɗaya ya zama taɓo a ƙarƙashin fili.

13. Ya halatta a haƙo murjani daga teku don gini?

Ƙasashe da yawa sun hana. Maldibis, wadda ta daɗe tana gini da shi, ta taka wa haƙarsa birki tun farkon shekarun 1990. Dalilin na injiniya ne kafin ya zama na masu kare muhalli: wani nazari da aka buga a 2014 ya nuna tudun murjani yana karya kimanin kashi 97 cikin 100 na ƙarfin igiya kafin ta iso gaɓa, kuma yana gyara kansa in an bar shi da rai. Mu da muka ga yadda teku ya cinye Bar Beach mun san kuɗin da ake kashewa inda babu irin wannan kariya. Dutsen da ake sara a mahaƙun tudu a Kenya da Tanzaniya tsohon murjani ne da ya mutu tun da daɗewa, hukuncinsa daban.

14. Zan tafi aiki a irin wannan gaɓa. Me zan fara dubawa a rahoton gwajin ƙasa?

Ɗan'uwa, kafin ka kalli lambar ƙarfi, duba kashi nawa na dutsen aka samu fitarwa a kowace mita. Inda aka haƙa mita ɗaya aka fito da santimita 30, tambayi ina sauran 70 suka tafi. Nemi littafin mai haƙa ka karanta inda ya rubuta cewa sanda ta zurma ko ruwan haƙa ya ɓace, nan kogunan suke. Duba ko a jiƙe aka gwada samfuran, ka nemi mafi ƙanƙantar lamba da mafi girma, ba matsakaici kaɗai ba. Ka tabbatar ramukan bincike sun wuce ƙarshen turke da mitoci masu yawa, domin ɓawo mai tauri yana iya zama a kan yashi.

Sannan ka roƙi a buɗe maka akwatunan samfuri ka taɓa da hannunka, ka tafi da wuƙa da ƙaramar guduma. Idan aikin na turaku ne, ka nace a kafa na gwaji a ɗora masa nauyi kafin a yi odar sauran, kuma a rubuta yawan kankaren da kowane rami ya sha a gefen wanda aka lissafa masa.